Surukata ta ce ciwon da yaro ya sha da kansa ya fi allura ba da ƙarfi

Wata mai jego daga Aboabo a Kumasi ta aiko da wannan tambaya: "Ɗana ya kusa wata biyu. Ranar da aka yi masa allurar sati shida ya kwana yana kuka, jikinsa ya yi zafi, cinyarsa ta ɗan kumbura. Surukata ta ce kada in koma awo. Wai su duk sun yi ƙyanda suna yara kuma ba su sake yi ba, saboda haka ciwon da jiki ya sha da kansa ya fi allura ƙarfafa yaro, kuma nonona ya ishe shi kariya. Ina so in gane yadda abin yake kafin ranar allurar sati goma."

Sannu da jego, ƙanwata, Allah ya raya mana shi. Awon yara da rigakafi shi ne aikina, kuma irin maganar Hajiya surukarki ina jin ta kusan kullum a bakin iyayenmu mata. Kada ki ɗauke ta a matsayin maganar rashin sani, domin abu biyu da ta faɗa gaskiya ne. Wanda ya yi ƙyanda ba ya sakewa, nonon uwa kuma yana kare jariri. Inda na rabu da ita shi ne hukuncin da ta yanke daga waɗannan biyun.

Abin da ta lura da shi likitoci ma sun daɗe da tabbatar da shi. A 1846 ƙyanda ta shiga tsibiran Faro da ke arewacin Turai bayan shekara 65 ba a gan ta a can ba. Wani matashin likita ɗan ƙasar Denmak mai suna Peter Panum ya je ya bi gida-gida. Ya tarar mafi yawan mutanen tsibiran sun kwanta, manya da yara, amma tsofaffin da suka yi ta a annobar 1781 ba ta taɓa su ba. Jikinsu ya riƙe abin da ya koya fiye da shekara sittin.

To, yaya jiki ke koyo?

Da farko akwai kariyar da aka haifi kowa da ita, wadda ba ta tambayar wace cuta ce ta zo. Fata, majina, hawaye, tsamin da ke cikin tumbi, duk suna tare hanya. Idan ƙwayar cuta ta wuce su, akwai fararen ƙwayoyin jini masu garzayawa wurin su haɗiye ta. Mugunyar da kike gani a ƙurji galibi gawarwakinsu ce haɗe da na abin da suka kashe. Zafi da ja da kumburin da ke zagaye miki aikinsu ne, zazzaɓi ma yawanci jiki ne ke ɗaga zafinsa da gangan. Wannan kariya tana da sauri, sai dai ba ta riƙe komai. Gobe in cutar ta dawo, kamar ba ta taɓa ganinta ba.

Ta biyun ita ce mai hadda. Wasu daga cikin ƙwayoyin da suka haɗiye cutar sukan ɗebi ɓarɓashinta su kai ƙananan ƙulle-ƙullen da ke wuya da hammata da matsematsi. Kin san kaluluwa, yadda mutum zai ji ciwo a yatsan ƙafa amma matsematsinsa ya fito da ƙululu mai zafi? A nan ake wannan aiki. A ciki akwai wasu fararen ƙwayoyi iri biyu da ake kira B da T, miliyoyi, kowace an halicce ta da siffar da ta dace da wani abu guda. Sai a yi ta gwadawa har a dace da 'yan kaɗan da siffarsu ta yi daidai da ɓarɓashin da aka kawo. Waɗannan sai su shiga hayayyafa, shi ya sa wurin ke kumbura. Ƙwayoyin B su riƙa zubo wani sinadari cikin jini mai suna antibodi, wanda ke manne wa wannan cutar ita kaɗai, ya hana ta shiga naman jiki, ya kuma yi mata alama don a cinye ta. Ƙwayoyin T wasu su taimaki B, wasu su kashe duk ƙwayar jikin da cutar ta riga ta shige ta ɓuya.

Wannan duka yana cin sati ɗaya zuwa biyu a karon farko, kuma a cikin kwanakin nan ne yaro ke warkewa ko a rasa shi. Idan an ci nasara, yawancin ƙwayoyin da aka hayayyafa sukan mutu, amma wasu su saura. Wasu su koma cikin ɓargo su zauna shekara da shekaru suna ɗiga antibodi kaɗan-kaɗan, wasu su ci gaba da yawo cikin jini. Ranar da cutar ta sake zuwa, abin da ya ci sati biyu a da sai a gama shi cikin 'yan kwanaki, sau da yawa mutum bai ma san ta shigo ba. Abin da ya faru a jikin Hajiya ke nan.

Amma ki tambaye ta cikin ladabi, a gidan da ta tashi, yara nawa aka binne a shekarar baƙon dauro? Masu ba mu labarin cewa sun yi sun warke su ne waɗanda suka rayu. Kafin a samu allurar ƙyanda a 1963, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cutar na kashe mutum kusan miliyan 2.6 a kowace shekara, galibi yara ƙanana. Na ga yaron da ƙyanda ta kwantar, idanunsa jajaye sun manne da kwantsa, bakinsa duk gyambo har ba ya iya kama nono, haƙarƙarinsa na shiga ciki in ya ja numfashi. Wasu su tashi da ido ɗaya fari fat, wasu kunne ya mutu. Akwai kuma abin da iyayenmu suka sha gani ba su san dalilinsa ba, wato yaro ya warke daga ƙyanda amma ya yi wata da watanni yana fama da gudawa da tari da rama. Binciken da aka buga a 2019 ya nuna cewa ƙwayar ƙyanda tana shiga ainihin ƙwayoyin nan masu hadda ta hallaka da yawa daga cikinsu, sai jiki ya manta da wasu cututtukan da ya riga ya koya. Wato cutar da ake cewa tana ƙarfafa yaro, ita ce ke zare masa kariyar da ya tara.

Kuma ba kowace cuta ke barin kariya ba. Tetanus, mai sandare jiki ta ɗaure muƙamuƙi, dafinta yana da ƙarfin da ɗan mitsitsin da ke kwantar da mutum bai kai jiki ya koye shi ba. Wanda ya tsira daga ita sai an yi masa allura, in ba haka ba zai iya sake kamuwa. Zazzaɓin cizon sauro kuwa jiki yakan koye shi rabi-rabi ne bayan kamuwa da yawa, kuma yana mantawa. Shi ya sa 'yan'uwanmu da suka daɗe a Jamus ko Ingila ke zuwa hutu zazzaɓi ya kayar da su kamar ba a Zango aka haife su ba. Ciwon hanta nau'in B ya fi ban tsoro. Babba in ya kamu yawanci jikinsa na korar ta, amma jaririn da ya kamu lokacin haihuwa, kusan tara cikin goma za su riƙe ta har girma, wasu ta kai su ga kansar hanta suna tsakiyar ƙarfinsu.

Allurar rigakafi tana nuna wa jiki siffar cutar ne ba tare da an sakar masa cutar da ƙarfinta ba. Jiki ya yi duk aikin da na bayyana, kaluluwa da antibodi da ajiya a ɓargo, amma babu abin da ke cin huhu ko ƙwaƙwalwa a lokacin da yake koyon. Dabarar ma ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Tun kafin Edward Jenner ya gwada ruwan ƙurjin shanu a kan wani yaro a Ingila a 1796, a wasu sassan Afirka ta Yamma akan tsaga fatar mai lafiya a shafa ruwan ƙurjin mai agana don ya yi mai sauƙi. Wani bawa ɗan Afirka da aka sa wa suna Onesimus shi ya bayyana wa mai gidansa wannan hanya a birnin Boston na Amurka, aka yi amfani da ita a annobar 1721. Hanya ce mai haɗari, domin wasu na mutuwa. Ta Jenner ta fi aminci, kuma da ita aka bi agana har aka ga bayanta. Mutum na ƙarshe da ya kamu da ita ta hanyar yaɗuwa tsakanin jama'a a Somaliya yake, a 1977, aka kuma shelanta kawar da ita a 1980. Ki dubi dantsen Hajiya, wataƙila lambar na nan.

Abin da ke cikin kwalaben ba iri ɗaya ba ne. Wasu ƙwayar cutar ce da ranta amma an raunana ta har ba ta iya kwantar da mai lafiya, kamar ta ƙyanda, ɗigon shan inna, ɗigon gudawa, da BCG ta tarin fuka da aka yi wa ɗanki a kafaɗa. Allurar shawara ma haka take, kuma asalinta daga nan ƙasar Gana ne. A 1927 aka ɗebi jinin wani mutum mai suna Asibi da ya kamu da shawara a nan, lokacin ana kiran ƙasar Gold Coast. Ƙwayar da aka samu a jininsa ita Max Theiler da abokan aikinsa suka yi ta renonta a ɗakin gwaji har ta yi laushi a 1937, kuma jikokinta ne ake yi wa yaranmu a wata tara har yau. Sau ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Wasu alluran kuma ƙwayar a kashe take, kamar allurar shan inna ta sati goma sha huɗu. Ta tetanus da ta mashaƙo dafin cutar ne aka kashe masa kaifi. Ta ciwon hanta da ta ciwon huhu da ta sanƙarau ɗan yanki ne kawai daga bayan ƙwayar, ba shi da rai balle ya hayayyafa.

Wadda aka yi wa ɗanki a cinya ta sa shi kuka, mai yiwuwa Penta ce, allura ɗaya mai ɗauke da rigakafin cuta biyar: mashaƙo, tarin shiƙa, tetanus, ciwon hanta nau'in B, da wata ƙwaya mai kawo sanƙarau da ciwon huhu ga jarirai. Ɓangaren tarin shiƙa shi ya fi kawo zafin jiki. Abin da kika gani kariyar farko ce ta taso a wurin allurar tana kiran ta biyu. Yakan lafa cikin kwana ɗaya ko biyu. Yaron da bai yi zazzaɓi ba ma allurarsa ta kama, ba sai an sha wuya ba.

Yanzu maganar nono, wadda ita ce na fi so ki riƙe. A watannin ƙarshe na ciki, antibodin da ke jininki suna ratsa mabiyiya su shiga jinin ɗanki. Duk abin da jikinki ya koya, ta ciwo ko ta allura, ya samu rabonsa. Dalilin allurar tetanus da ake yi wa masu ciki a awo ke nan, don jariri ya zo da kariya a kwanakin da cibiya ke ɗanya. Bayan haihuwa sai dakashi, ruwan nonon farko mai kauri da ɗorawa-ɗorawa, ya shafe masa maƙogwaro da hanji da wani nau'in antibodi. Ina roƙon iyayenmu su daina matse shi suna zubarwa, babu abin da ya kai shi amfani a ranakun nan. Amma ki lura, antibodi aka ba shi gamamme, ba a ba shi ƙwayoyin da ke yin sa ba. Jikinsa bai koyi komai ba tukuna. Abin da ya samu ta mabiyiya yana raguwa sati bayan sati, cikin 'yan watanni ya ƙare. Na nono kuma yawanci a hanji yake aiki, ba ya shiga jini yadda zai tare ƙyanda ko tarin shiƙa.

Daga nan lokutan da ke cikin katinki suka samo asali, ba don sauƙin ma'aikata aka tsara su ba. Tarin shiƙa ya fi kashe 'yan ƙasa da wata uku, kariyar uwa a kansa kuma ba ta da yawa, shi ya sa ake farawa tun sati shida. Ƙyanda kuwa akasin haka ce. In aka yi allurarta da wuri, antibodin uwa da suka rage za su kashe ƙwayar mai rauni kafin jikin yaro ya koye ta. In aka jinkirta da yawa, cutar ta riga mu. Sai aka tsaya a wata tara. A wannan lokacin tana kama wajen yara 85 cikin 100, shi ya sa ake maimaitawa a wata goma sha takwas don a kamo sauran. Wannan ta biyun ita iyaye suka fi mantawa, domin yaro ya fara gudu, uwa ta koma kasuwa Kejetia ko Alabar, kati ya shige ƙasan akwati.

Sati shida, sati goma, sati goma sha huɗu, me ya sa har sau uku? Ki tuna makarantar allo. Yaron da aka biya wa karatu sau ɗaya zai iya maimaitawa a ranar, amma in babu tishi, bayan wata ɗaya babu. Alluran da ba su da rai ba sa hayayyafa a jiki, don haka darasin farko gajere ne. A karo na biyu da na uku jiki na zaɓo ƙwayoyin B da antibodinsu ya fi kama cutar da kyau ya ƙara yawansu, sai kariyar ta yi ƙarfi ta kuma daɗe. Yaron da aka tsaya masa a allura ɗaya ya sha zafin allurar amma bai samu cikakken amfaninta ba.

Ba zan ce miki allura na tare komai ba. BCG ta fi ƙarfi wajen hana tarin fuka mai hawa ƙwaƙwalwar yara ko ya watsu a jiki, ba ta cika hana na huhun manya ba. Allurar zazzaɓin cizon sauro, wadda aka yi wani ɓangare na gwajinta a Agogo da Kintampo, aka kuma fara bai wa yara a wasu gundumomin Gana da Kenya da Malawi a 2019, rage kamuwa da tsananin ciwon take yi, ba ta ɗauke wa kowa gidan sauro ba. Duk da haka, a wuraren da aka fara ta mutuwar yaran da suka isa karɓarta ta ragu da kashi 13 cikin 100. Ki tambaya a wurin awonku ko ana bayarwa.

Akwai kuma haƙƙin maƙwabta. Gidajenmu na Zango kin san su, ɗakuna a jere, tsakar gida ɗaya, yara na shiga ko'ina, ga suna ga biki. Ƙwayar ƙyanda na iya zama cikin iskar ɗaki har awa biyu bayan mai ita ya fita, kuma cikin mutum goma marasa kariya da suka zauna da shi kusan tara za su kamu. Sai kusan yara 95 cikin 100 sun samu allura kafin ta rasa hanyar bi. Jaririn wata biyar da bai isa allura ba, da yaron da wani ciwo ya raunana garkuwarsa, kariyarsu ita ce yaran da ke kewaye da su.

Na san ba zafin jiki kaɗai ke tsorata mutane ba, akwai tsohuwar jita-jitar hana haihuwa. A 2003 wasu jihohin arewacin Najeriya sun dakatar da ɗigon shan inna saboda ita. Kano ta koma bayarwa a 2004, amma kafin nan cutar ta tsallaka ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, har da Gana. Sai a Agustan 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji. Tun 1978 ake shirin rigakafin yara a ƙasar nan. Waɗanda aka fara yi wa su ne iyaye da kakanni a yau, ki dubi gidajensu ki ƙirga. Alhazanmu kuma babu mai shiga jirgin Makka sai da shaidar allurar sanƙarau da katin shawara, Hajiya ma in ta sauke farali ta miƙa dantsenta.

Ranar sati goma ki je. In mijinki zai iya raka ki, ko ita Hajiyar, ya fi, ta yi tambayoyinta da bakinta. Ki ba shi nono kafin allura da bayanta, yana rage kuka. In kina so, ki ce a nuna miki kwalbar. A jikin takardarta akwai ɗan da'ira mai murabba'i a tsakiya, kuma muddin murabba'in ya fi da'irar haske, zafi bai lalata maganin ba. Bayan allura ki zauna kamar minti goma sha biyar zuwa talatin, domin mummunar borin jini, wadda ke faruwa ga kusan ɗaya cikin miliyan, a lokacin take bayyana kuma akwai maganinta a wurin. A gida kada ki gasa cinyar da ruwan zafi, kada ki murza, kada ki shafa man zafi. Tsumma mai tsabta da ruwan sanyi ya isa. Ki rage masa kaya, ki yawaita nono, farasitamol kuma sai gwargwadon da aka auna miki bisa nauyinsa. Wurin BCG in ya fito da ɗan ƙurji ya fashe, ki bar shi ya bushe da kansa, haka yake yi kafin ya bar tabo.

Ki koma asibiti ba tare da jira ba in zazzaɓin ya yi tsanani ko ya wuce kwana biyu, in ya ƙi nono, in ya yi jijjiga, in ya yi laushi ba ya farkawa da kyau, in ya yi kuka mai ƙara ba tsayawa har awa uku, ko kumburin ya ci gaba da girma yana tara ruwa. Jariri ƙarami kamar naki zai iya kamuwa da wani ciwon daban a ranakun allura, kada a ɗora komai a kanta a zauna gida. Mura ko ɗan tari ba sa hana allura. In kuma ranar ta wuce ki saboda wani uzuri, ba a komawa farko, daga inda aka tsaya ake ɗorawa. Ki ɗauki katin ki je ranar awo ta gaba, alluran yara kyauta ne a asibitocin gwamnati.